Yi wa Karnuka da Kyanwoyi Riga-kafi a Gida: Hujjoji, Haɗurra da Mafita

Gabatarwa

Muhawara kan ko ya dace mai kare ko mai kyanwa ya sayi maganin riga-kafi ya yi wa dabbarsa allura da hannunsa ta fi zafi a Amurka, inda shagunan kayan gona da 'yan kasuwar intanet suke sayar da wasu daga cikin waɗannan magunguna, har da sirinjinsu, ba tare da neman takardar likita ba. Sai dai tambayar takan taso a duk inda ganin likitan dabbobi yake da tsada ko asibitinsa yake da nisa, kuma wannan hali ne da mafarauta da makiyaya da masu karnukan gadi a Afirka ta Yamma suka san shi sarai. Ruɗanin da ke cikin batun ya samo asali daga abubuwa biyu. Na farko, ana cakuɗa wurin da aka yi allurar da mutumin da ya yi ta, alhali likitan da ya zo gida ya duba dabba sannan ya yi mata allura daban yake da wanda ya sayo kwalba a kasuwa ya tsira wa dabbarsa da kansa. Na biyu, ana yi wa magungunan riga-kafi kuɗin goro, alhali yawancinsu dabbar kawai suke karewa, na ciwon haukan kare kuwa rayukan mutane yake karewa, shi ya sa doka take ba shi hukunci na musamman.

Ma'anar muhimman kalmomi

Maganin riga-kafi haɗi ne da ke ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana ko aka kashe, ko wani ɓangare nata, wanda ake sa wa lafiyayyar dabba domin garkuwar jikinta ta san ƙwayar tun kafin ta gamu da ita a zahiri. Garkuwar jiki kuwa ita ce tsarin da jiki yake gane baƙuwar ƙwaya, ya samar da sinadaran yaƙi da ita a cikin jini, ya kuma riƙa tuna ta har tsawon watanni ko shekaru. Daga nan za a gane cewa riga-kafi ba ya warkar da dabbar da ta riga ta kamu, kuma allurar tsutsar ciki ko ta kaska ko ta rage zazzaɓi ba riga-kafi ba ce, ko da yake mutane da yawa sukan kira su duka da suna ɗaya.

Magungunan iri biyu ne a dunƙule. Akwai rayayye, wanda ke ɗauke da raunanniyar ƙwaya mai rai, yakan zo a matsayin busasshen gari da ake haɗawa da ruwan da aka tanadar masa, zafi yana kashe shi da sauri, kuma da zarar an haɗa shi ana so a yi amfani da shi cikin awa ɗaya. Akwai kuma matacce, wanda yakan zo a ruwa tare da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, shi kuwa daskarewa ce ta fi lalata shi. Abin da masana suke kira sarƙar sanyi shi ne jerin matakan ajiya da jigila daga masana'anta zuwa dillali, zuwa kanti, har zuwa jikin dabba, inda ake buƙatar maganin ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos a kowane mataki.

Cututtukan da ake karewa da jadawalin allurai

Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, wadda aka fi sani da WSAVA, ta raba riga-kafi gida biyu: na tushe, wanda kowace dabba take buƙata, da na la'akari da yanayi, wanda ya danganta da inda dabba take zaune da irin rayuwarta. Ga kare, na tushe ya ƙunshi cutar fabo, wadda ta bayyana a 1978, mai jawo amai da gudawa da jini har ta kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, da cutar distemfa mai taɓa numfashi da hanji da ƙwaƙwalwa, da wata cutar hanta mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Ga kyanwa, ya ƙunshi wata cuta 'yar uwar fabo mai ƙarar da fararen ƙwayoyin jini, da cututtuka biyu masu kawo mura da ciwon ido da gyambon baki. A duk ƙasar da ake da ciwon haukan kare, riga-kafinsa na tushe ne ga karnuka da kyanwoyi baki ɗaya.

Jadawalin da ƙungiyar ta ba da shawara a kansa shi ne a fara allura tun kwikwiyo ko ɗan kyanwa yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 2 zuwa 4, har ya kai mako 16 ko fiye, sannan a ƙara masa ɗaya tsakanin wata 6 da shekara guda. Dalilin wannan maimaici shi ne jaririn dabba yana samun sinadaran kariya daga dakashi, wato nonon farko na uwarsa, kuma waɗannan sinadarai suna kashe ƙarfin maganin riga-kafi muddin suna da yawa a jininsa. Da yake lokacin da suke ƙarewa ya bambanta daga wannan kwikwiyo zuwa wancan, ana maimaita allurar ne domin ɗaya daga cikinsu ta dace da lokacin da jiki zai iya amsawa. Saboda haka wanda ya yi allura ɗaya ko biyu ya tsaya a mako 10 yana iya barin dabbarsa babu kariya, duk da cewa maganin da ya saya mai kyau ne.

Abin da ke tura mutane ga yin allura da kansu

Babban dalili shi ne kuɗi, domin farashin kwalbar magani a kanti ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ake biya a asibiti, inda ake haɗa kuɗin maganin da na duba dabba da na hidimar ma'aikata. Nauyin yakan ninka ga mai kiwon karnuka don sayarwa, ko mafarauci mai karnuka da yawa, ko wanda karyarsa ta haifi 'ya'ya bakwai da kowanne ke buƙatar allura uku ko huɗu. Dalili na biyu shi ne nisa da wahalar jigila, musamman a karkara, inda ba kowane mai mota ko mai babur ba ne zai yarda ya ɗauki kare. Na uku shi ne halin dabbar kanta, domin akwai kyanwar da ba ta kamuwa da karen da ba ya yarda da baƙo. Na huɗu kuwa shi ne yawaitar bidiyoyin koyarwa a intanet, waɗanda suke nuna yadda ake ɗaga fata a soka allura cikin daƙiƙoƙi kaɗan, har mai kallo ya ɗauka cewa aikin duka ke nan.

Matsayin doka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, magungunan riga-kafin karnuka da kyanwoyi suna cikin rukunin da sai likitan dabbobi ne yake rubuta su bayan ya duba dabba, don haka ba a sayar da su a kanti ga kowa. A Amurka an bar mai dabba ya sayi na fabo da distemfa da makamantansu, amma a mafi yawan jihohi riga-kafin haukan kare ba ya karɓuwa sai likita mai lasisi ne ya yi shi, ko wani ma'aikaci a ƙarƙashin kulawarsa. Dabbar da mai ita ya yi wa wannan allura da kansa ana ɗaukarta tamkar wadda ba a yi wa ba, kuma bambancin yana da nauyi: bisa ƙa'idojin da likitocin lafiyar jama'a na jihohin ƙasar suka sabunta a 2016, karen da ke da riga-kafi idan mahaukaciyar dabba ta cije shi ana ƙara masa allura a sa masa ido na kwana 45, wanda ba shi da shi kuwa ana kashe shi ko a killace shi na wata 4.

Tafiya da dabba zuwa ƙetare ma ta dogara da takardar likita. Tarayyar Turai tana buƙatar a fara sa wa dabba ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sannan a yi mata riga-kafin haukan kare bayan ta kai mako 12, kuma idan daga ƙasar da cutar ta yi yawa ta fito, sai an gwada jininta a ɗakin gwajin da aka amince da shi. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce take yi wa magungunan dabbobi rajista, Majalisar Likitocin Dabbobi ta ƙasa take tantance waɗanda suka cancanci yin sana'ar, yayin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take sarrafa magungunan riga-kafi, har da na haukan kare.

Hujjojin masu goyon baya

Masu ganin babu laifi a yi allura a gida suna cewa allurar ƙarƙashin fata ba ta da wuyar koyo, kuma suna kafa hujja da masu karnuka da kyanwoyi masu ciwon sukari, waɗanda suke yi musu allurar insulin kullum a gida bisa umarnin likita. Suna kuma nuni da cewa masu gonakin kaji da na shanu a ƙasashe da dama su ne suke yi wa dabbobinsu riga-kafi, haka nan ma'aikatan gidajen tsugunar da karnuka marasa galihu, waɗanda yawancinsu ba likitoci ba ne. Wasu suna ƙarawa da cewa kai ɗanyen kwikwiyo asibitin da marasa lafiya suke zirga-zirga yana iya jefa shi cikin haɗarin fabo, tunda ƙwayar tana daɗewa a ƙasa da jikin kaya har tsawon watanni. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, ga iyalin da ba su da halin zuwa asibiti, zaɓin da ke gabansu na gaskiya shi ne allurar gida ko rashin allura gaba ɗaya, kuma hana su na farkon ba zai kai su wurin likita ba.

Hujjojin masu adawa

Ƙungiyoyin likitocin dabbobi ba su musa cewa sokawar allura abu ne mai sauƙi ba. Abin da suke cewa shi ne ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Damuwarsu ta farko ita ce sarƙar sanyi, domin kwalbar da ta kwana a mota cikin rana, ko ta zauna a firijin da wuta take ɗaukewa, ko aka manna ta da ƙanƙara har ta daskare, sau da yawa ba ta canza kama, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin inda ta biyo. Wannan matsala ta fi tsanani a yankunan Sahel, inda zafi yakan haura digiri 40 a lokacin bazara, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, ga kuma haɗarin jabun magani ko wanda wa'adinsa ya wuce.

Damuwa ta biyu ita ce duba lafiyar dabba kafin allura. Dabbar da ke da zazzaɓi, ko tsutsar ciki ta cinye ta, ko cuta take ɓoye a jikinta ba ta bayyana ba tukuna, ba lalle ne garkuwarta ta amsa yadda ake so ba, wasu rayayyun magungunan kuma suna iya cutar da 'ya'yan da ke cikin mai juna biyu. A wannan dubawa ne ake gano matsalar zuciya ko ta haƙora ko ƙari tun da wuri, kuma ga dabbobi da yawa ita ce kaɗai damar da likita yake ganinsu a shekara.

Damuwa ta uku ita ce kuskuren hanya da wurin allura. Akwai maganin tarin karnuka da ake ɗigawa a hanci, wanda kwalbarsa take kama da ta allura, kuma idan aka soka shi a ƙarƙashin fata yana iya jawo ƙurji har da lahanin hanta. A kyanwoyi kuwa, tun farkon shekarun 1990 aka gano wani mugun ƙari da kan fito a inda aka yi allura, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana da wuyar cirewa, shi ya sa likitoci suka daina yin allura tsakanin kafaɗu suka koma ƙasa-ƙasan ƙafa, tare da rubuta wurin da aka yi kowace.

Damuwa ta huɗu ita ce borin jiki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 kan karnuka fiye da miliyan 1 ya sami kimanin 38 cikin kowane 10,000 da suka nuna wata illa cikin kwana uku bayan allura, kuma haɗarin ya fi yawa ga ƙananan karnuka da waɗanda aka yi wa allurai da yawa a zama ɗaya. Yawancin illolin ba su wuce kumburin fuska da ƙaiƙayi da amai ba, amma nau'i mafi tsanani, wanda ke toshe numfashi ya kayar da ƙarfin gudun jini, yakan zo cikin mintoci kuma yana buƙatar allurar adirenalin nan take, abin da ba a samu a gidajen mutane.

Dalilin da ya sa haukan kare ya fita daban

Ciwon haukan kare ƙwayar bairos ce take kawo shi, tana bin jijiyoyi daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma cizon kare ne sanadin kusan dukkan kamuwar. Bincike ya nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki riga-kafi, yaɗuwar cutar takan katse, kuma a kan wannan ne aka gina burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya nan da 2030.

A nan ne lalataccen magani yake zama haɗarin da ya wuce rashin magani. Iyalin da suka san karensu ba shi da riga-kafi sukan tsorata idan ya ciji yaro, waɗanda kuwa suka yi imani an yi masa suna iya share jinin su zauna, alhali abin da aka sa wa karen ruwa ne da zafi ya riga ya kashe. Likitan mutane ma yakan dubi katin kare wajen yanke shawara, kuma katin da ba a san wanda ya cike shi ba ba abin dogaro ba ne. Bugu da ƙari, hukumomi ba za su san ko an kai kashi 70 ba sai idan allurai suna da rajista. Ko da an yi wa kare riga-kafi, shawarar masana ga wanda aka ciza ita ce ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya garzaya asibiti, a kuma tsare karen a sa masa ido na kwana 10.

Hanyar tsaka-tsaki da darussa daga Afirka

Tarihin yaƙi da cututtukan dabbobi a Afirka ya nuna cewa ba dole ne kowace allura ta fito daga hannun likita mai digiri ba, amma dole ne ta kasance cikin tsari. Ciwon bushiya na shanu, wanda aka sanar da kawar da shi daga duniya a 2011, an ci ƙarfinsa a yankuna masu wuyar shiga ne ta hanyar magani mai jure zafi da mutanen gari da aka horar aka kuma sa musu ido. Haka nan riga-kafin annobar kaji ta Niyukasil mai suna I-2, wanda ake ɗigawa a ido, an tsara shi ne don masu yin riga-kafi na ƙauye. A birnin N'Djamena na Chadi, gangamin kyauta da aka yi a 2012 da 2013 ya kai sama da kashi 70 na karnuka, har yaɗuwar haukan kare ta tsaya na wani lokaci, yayin da wani gwaji da aka yi tun da farko a birnin ya nuna cewa idan aka sa masu karnuka biyan kuɗi, adadin yakan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Tanzaniya kuwa, binciken da aka buga a 2016 ya gano cewa wani maganin haukan kare mai suna Nobivac ya riƙe ƙarfinsa bayan wata 6 a digiri 25 da wata 3 a digiri 30, daga baya aka gwada ajiye shi a tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar sanyaya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a arewacin Najeriya. Wannan sakamako ya shafi maganin da aka gwada ne kaɗai, ba hujja ba ce ta barin kowane magani a waje da firiji.

Abin da waɗannan misalai suka yi tarayya a kai shi ne sanannen tushen magani, da horo, da kulawar likita, da rubuta sunan kowace dabba da lambar kwalba da kwanan wata. Waɗannan huɗun ne mai dabba da ke aiki shi kaɗai yakan rasa.

Abin da zai iya biyo baya

Idan allurar gida ta yawaita babu tsari, adadin dabbobin da ake cewa an yi musu riga-kafi zai ƙaru fiye da adadin waɗanda suke da kariya ta gaskiya, kuma duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ta kamu, amincewar jama'a da riga-kafi ce za ta ragu. Idan kuma aka tsananta hani ba tare da kusantar da hidima ko rage farashi ba, talaka zai bar dabbarsa haka nan, kasuwar bayan fage kuma ta bunƙasa.

Kammalawa

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, riga-kafin haukan kare bai kamata mai dabba ya yi shi da kansa ba a kowane hali, saboda doka da rajista da lafiyar maƙwabta. Sauran magungunan tushe kuwa, inda doka ta halatta kuma babu likita kusa, mai kiwo da likita ya koya masa, ya tsara masa jadawali, ya samo masa magani daga tushe amintacce, kuma akwai inda zai kai dabba idan ta yi bori, yana iya yin su da haɗari kaɗan. Ga mafi yawan mutane, hanyar da ta fi aminci ita ce kiran likita ko malamin dabbobi zuwa gida, ko haɗa karnukan unguwa a rana guda don a raba kuɗin zuwansa, ko zuwa asibitin dabbobi na gwamnati da asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko kuma amfana da gangamin kyauta da akan shirya a wurare da dama albarkacin Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, 28 ga Satumba. Nauyin da ya rage yana kan hukumomi, domin yawan masu sayen kwalba a kasuwa yana raguwa ne gwargwadon yadda riga-kafi mai inganci ya zo kusa da gidajensu a farashin da za su iya biya.